Sabulun da Ya Tsallaka Titi

Tun da maigidana ya yi ritaya daga tuƙin motar ma'aikata, gidanmu bai sake ganin zaman lafiya ba. Mutum ne da ba ya iya ganin wani yana aiki ya yi shiru. In ya ga mai gyaran rediyo, sai ya ce shi ido rufe zai yi. In ya ga magini, sai ya ce katangar ta karkace. Shi ya sa 'yan layinmu suka laƙaba masa Gwani, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, don har yau bai gane tsokana ce ba.

Muna da ɗaki guda a bayan gida, mai babbar taga da hasken safe ke shiga. Shekara da shekaru ina roƙon ɗakin nan don in kafa keken ɗinkina, wanda ke takure a lungun falo, in zan yanka yadi sai na ɗage tabarma na durƙusa a ƙasa. Gwani ya ce ai ɗakin bincikensa ne. A ciki akwai gawar duk abin da ya taɓa sa wa hannu: akwatin ƙyanƙyasa da ya dafa ƙwan gaba ɗaya, da fankar da ya yi wa gyara ta ɓalle ta fasa mini madubi. Makullin kuwa a aljihunsa yake kwana.

Wata safiya ina wanke-wanke ya faɗo kicin da waya a hannu, idonsa na ƙyalli.

"Uwargida, daga yau mun daina sayen sabulu."

"Wanka za mu daina?"

"Yi zan yi da hannuna! Dubi nan. Ba wuta, ba injin. Soda, ruwa, mai, a juya, a zuba, shi ke nan. Wannan ai ko yaro ya yi."

Wata mata ce a bidiyon, sanye da safar hannu da tabarau, tana bayani a natse. Ta fara cewa akwai abubuwan da dole a kiyaye, sai Gwani ya sa yatsa ya ja bidiyon gaba.

"Tsaya mana mu ji," na ce.

"Surutu ne. Wannan ɓangaren na masu koyo ne."

Ya tsallake har zuwa inda matar ke yanka sabulu fari sol. Daga baya da ya shiga wanka na ɗauki wayar na kalla tun daga farko, har da surutun.

A ranar ne wansa ya zo gaishe mu. Yaya dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma shi kaɗai ne duk duniya Gwani ke shakka. Ina ajiye musu ruwa na sako zancen ɗakin baya. Gwani ya tashi tsaye ya yi jawabi, ya ce ɗakin nan ya kusa zama masana'anta, sabulun da zai fita daga cikinsa sai an yi layi a kansa. Yaya ya saurara har ƙarshe.

"Yaushe za mu gani?"

"Ƙarshen mako mai zuwa, Yaya. A gaban kowa."

"Maigida," na ce, "matar fa ta ce sai sabulu ya yi makonni yana shan iska kafin a taɓa jiki da shi."

"Nata. Nawa ba ya jira."

"To, ga hukunci," in ji Yaya. "In ya yi kumfa, ka wanke fuskarka da shi lafiya lau a gabana, ɗaki naka ne, kar ta sake tayar da maganar. In ba haka ba, makulli ya koma hannunta."

Gwani ya buga ƙirji ya ce ya yarda. Ni ma na ce na yarda, kaina a sunkuye don kar Yaya ya ga bakina.

Kafin magariba duk layi ya ji. Ya tsaya a shagon Mai Aski ya yi masa alkawarin sabulun aski, ya tsaya wurin Mai Faci ya ce zai kawo masa wanda zai fitar da baƙin man da ya kama masa hannu tun yana saurayi. Maƙwabcinmu Kafinta, wanda katanga ɗaya ta raba mu, shi aka yi wa alkawarin mai ƙamshi.

Washegari ya dawo daga kasuwa da ƙullin soda da galan na man kwakwa. Na tambaye shi ina ma'auni.

"Wane ma'auni? Hannun nan ya shekara talatin yana auna man mota ba tare da ya duba allura ba."

"Safar hannu fa? Tabarau?"

Ya zura hannuwansa cikin ledar burodi ya ɗaure da roba, ya kifa hular kwanon da ya aro wurin wani mai babur, ya sauke gilashinta. Haka ya fito tsakar gida yana tafiya a hankali, kajin maƙwabta suka watse.

Ina ɗaki ina ninke kaya na ji wani irin tsuwwa, shuuu, sai wari mai shaƙe maƙogwaro. Na fito da gudu. Babbar tukunyata ta alminiyom ce, wadda nake ji da ita, ya zuba ruwa da soda a ciki. Tana tafasa ba wuta, ruwan ya yi baƙi ƙirin, hayaƙi na tashi.

"Wayyo tukunyata! Matar ta ce kar a kusanci alminiyom da soda!"

"Ja da baya!" ya yi ihu daga cikin hular, muryarsa kamar daga rijiya. "Aiki ne yake yi!"

Kafinta ya leƙo ta kan katanga yana tari.

"Gwani, gobara ce in kira jama'a?"

"Kimiyya ce. Ba fanninka ba ne."

"To kimiyyarka na yoyo."

Gaskiyarsa. Gindin tukunyar ya huje, baƙin ruwa ya biyo siminti ya nufi ƙafar Gwani. Ya yi tsalle, gilashin hular ya yi gumi ba ya ganin gabansa, ya tafi ya rungumi igiyar shanya, suka zube tare da zannuwana. Sai da muka yi ta kwarara ruwa kafin warin ya lafa. Da na ɗaga tukunyar na hangi sama ta cikinta, raina ya ɓaci ƙwarai, har hawaye suka zo mini.

"Tukunyar ce jabu," in ji Gwani. "Gara da aka gane da wuri."

Na tuna tagar ɗakin baya, na haɗiye.

Zagaye na biyu ya yarda da bokitin roba, amma ya ce shawararsa ce. Ya narka sodar, ya zuba cikin man, ya kama juyawa da muciya. Ya juya har kafaɗarsa ta ƙage, abin bai yi kauri ba. Matar bidiyon da ɗan injin hannu take kaɗawa, mu kuwa ba mu da shi. Gwani ya leƙa katanga.

"Kafinta, ara mini injin hujinka."

"Sabulun huda shi ake yi?"

"Kai dai miƙo."

Ya ɗauko maburgina na kicin ya cusa a bakin injin ya ɗaure tam. Ya tsoma cikin bokiti, ya danna har ƙarshe. Ban san yadda zan kwatanta ba. Bango ya samu, ƙofar banɗaki ta samu, farar rigar Kafinta da ke shanye a can gidansa ta samu. Bokitin kansa ya kama juyi yana rawa a tsakar gida, Gwani na bin sa yana riƙe da injin, ya manta inda ake kashewa.

"Saki yatsanka!" Kafinta ke ihu. "Yatsan! Saki!"

Da ƙura ta lafa, abin da ya rage a bokiti ya fara kauri, kuma wallahi ya yi kama da na matar. Gwani ya ɗage gilashin hula ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ke da magana?"

Na ga ɗakin baya yana suɓuce mini ina kallo.

"Saura ƙamshi," ya ce. Ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar turarensa na fesawa, ya ɓalle kan, ya tuttule duka a ciki.

Wannan ma yana cikin surutun da ya tsallake. Kafin ya mayar da hannu kan injin, abin ya daskare. Maburgi ya kafe a tsakiya, injin Kafinta na tsaye a kansa ƙyam. Gwani ya ja, bokiti ya biyo shi. Ya taka bokitin da ƙafa ya ja, maburgi ya karye, ya tafi da baya ya zauna cikin bahon wanki.

Kafinta ya zagayo ya karɓi injinsa, ya dube shi, ya dubi Gwani.

"Na gode da ƙamshin. Yanzu duk ƙofar da na huda sai ta yi ƙamshin ango."

Saura kwana kaɗan, ga mai ya kusa ƙarewa. Gwani ya zauna ya yi nazari, ya fito da abin da ya kira sirrin da masu bidiyo ke ɓoyewa. Wai soda ce ke nunar da sabulu, saboda haka in aka ninka ta, makonnin jira sun faɗi.

"Maigida, don Allah kar ka yi. Fuskarka ce fa za ka wanke."

Da gaske nake. Ɗaki nake so, amma ba na son ganin mijina ba fata.

"Uwargida, na san inda kika dosa. So kike in karaya ki samu makulli."

To, na faɗa, Allah ya gani. Ya ninka soda, har ya ƙara ɗan dunƙule wai na albarka. Wannan karon da muciya ya juya, ba turare. Da aka zo wurin zubawa, ya ce shi ba zai yi mai kusurwa irin na kowa ba, zagayayye zai yi. Ya samo bututun roba irin na ruwan banɗaki, tsawon hannu da rabi, ya toshe gindinsa da marfi, ya ɗura sabulun, ya jingine a ɗakin baya ya lulluɓe da bargona. Matar ta ce a shimfiɗa takarda a ciki kafin a zuba. Bai shimfiɗa ba.

Ranar alkawari da hantsi Yaya ya iso. Mai Aski ya fito da benci ƙofar shagonsa, Kafinta ya rufe wurin aikinsa, matan layi suka tsaya a bakin ƙofofi, har masu wucewa suka rage tafiya. Na zo da bokiti biyu cike da ruwa na ajiye kusa da ni. Gwani ya fito cikin sababbin kaya, gashin bakinsa ya sha mai an murɗe shi, bututu a saɓe a kafaɗa.

"Jama'a," ya ce, "abin da za ku gani yau, ku ba jikokinku labari."

Ya cire marfi, ya kifa bututun a kan tebur, ya bubbuga. Shiru. Ya girgiza. Ya buga da ƙasa. Ya zura sandar tsintsiya ya tura har jijiyar wuyansa ta fito. Sabulu ya ce yana nan.

"Ko kunya yake ji?" in ji Mai Aski.

"Kawo in tsaga bututun da zarto," in ji Kafinta.

"Ka taɓa mini kayan aiki? Wannan matsalar iska ce, ba ta katako ba. Mai Faci! Tayar da injinka."

Mai Faci, wanda rumfarsa ke jikin shagon askin, ya ce shi taya yake ba iska. Gwani ya ce ai duk ɗaya ne. Ya huda marfin, ya mayar da shi, ya cusa bakin tiyo a ramin, ya naɗe da robar taya. Ya rungumi bututun a hammata, bakinsa na kallon titi.

"Kaɗan-kaɗan zan saki," in ji Mai Faci.

"Saki duka! Tsoron me kake?"

Mai Faci ya dubi Yaya. Yaya ya ɗan matsa da bencinsa gefe. Aka saki iska.

Da farko ba abin da ya faru, sai bututun da ya fara ƙugi. Gwani ya buɗe baki zai yi magana ke nan, sai ji muka yi fuuum! Sabulu ya fita a guje, dogo sumul, ya wuce ta saman kan wani mai keke, ya tsallaka titi, ya dira tsakiyar tiren tumatir na mai kayan miya da ke wancan gefen. Tumatir ya yi sama. Gwani kuwa ya yi baya ya faɗa cikin bahon da Mai Faci ke tsoma tiyub, ƙafafunsa a sama.

Layi ya kaure. Mai Aski ya durƙusa yana riƙe da ciki. Mai kayan miya, wata dattijuwa da ba a taɓa ta a kwana lafiya, ta tsallako titi da sabulun a hannu, ta naɗe shi da tsumma, jan ruwan tumatir na ɗiga daga mayafinta.

"Wane mara mutuncin ne ya jefe ni da wannan?"

Yatsu suka nuna baho.

"Iya, yi haƙuri," in ji Gwani yana tsiyayar ruwa. "Ke ce kika fara samun sa a duk garin nan."

"Ni ce zan fara fasa maka kai da shi!"

Sai da Yaya ya sa baki, ya ce ƙaninsa zai tsince tumatir ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fashe kuma yana wuyansa, sannan ta dangwarar da sabulun a tebur ta tsaya don ta ga ƙarshe.

Gwani ya share fuska, ya gyara murya.

"Kun dai gani da idonku. Sabulun da ya tsallaka titi bai karye ba, a ina ake samun irinsa?"

"Ba tashi sama muka yi alkawari ba," in ji Yaya. "Wanke fuska."

Aka kawo wuƙa. Sabulun ya yi tauri, yana marmashewa, ga wani farin gari a jikinsa. Da ƙyar aka ɓantaro guntu. Na matsa kusa na yi ƙasa da murya.

"Maigida, bar shi. Ka ce ka fasa."

"A gaban mutanen nan?"

Ya jiƙa hannu, ya murza, ɗan kumfa ya fito. Ya ɗaga wa jama'a su gani, sannan ya rufe ido ya shafa a kumatu da gashin baki, ya cuɗa sosai. Ya tsaya yana murmushi, sai murmushin ya fara rawa.

"Yaya dai?" in ji Mai Aski.

"Sanyi," in ji Gwani. "Wani irin... sanyi."

"To me ya sa kake taka rawa?"

"Ƙwayoyin cuta ne ke mutuwa. Ana jin su."

Hawaye suka fara bin kumfar. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya sauke, ya ɗaga ɗayar. Yaya ya naɗe hannu yana kallo.

"In lafiya lau ne, ɗan ƙara a goshi."

"Uwargidaaa! Ruwa!"

Ai tun kafin ya rufe baki na sheƙa masa bokitin farko. Na biyu ya fizge da kansa ya tsoma kai ciki. Mai Faci ya jawo tiyon ruwa, aka yi ta kwarara masa har ya ce ya isa, aka ƙi dainawa. Da ya ɗago, fuskar ta yi jawur, amma da sauƙi. Gashin bakin ne bai tsira ba. Ɓangare guda ya kwanta laɓe-laɓe, da ya shafa sai ya biyo yatsunsa. Mai Aski ya zaunar da shi a kujera ya daidaita sauran da almakashi, yana yi kafaɗunsa na girgiza.

"Sabulun masana'antu ne," in ji Gwani ta cikin tawul. "Ya fi ƙarfin fatar mutum. Kuskuren kawai..."

"Makulli," in ji Yaya.

Ya laluba aljihun jiƙaƙƙen wandonsa ya miƙa. Yaya ya ɗora mini a tafin hannu a gaban kowa. Mai kayan miya ta ce madalla, sannan ta tasa Gwani gaba zuwa tsintar tumatir.

Washegari na share ɗakin, na fitar da gawarwakin, na kafa kekena daidai ƙarƙashin taga. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Ina cikin ɗinki sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Gwani ne, leɓensa na sama fayau, ya sha man shafawa, yana tsaye kamar baƙo.

"Uwargida, in shigo?"

"Shigo mana."

Ya zauna a kan 'yar kujera.

"Kin san," ya ce, "da can in na tashi da safe akwai inda ake jirana. Yanzu in na tashi, sai dai in ta kallon bango."

Tausayinsa ya kama ni har cikin raina. Na ce masa ɗakin nan bai fi ƙarfinsa ba, duk lokacin da ya so ya zo ya zauna, ya riƙe mini bakin yadi, mu yi hira. Ya gyaɗa kai, ya riƙe yadin, na ci gaba da taka keke. Can na ga ya karkata kai yana saurare. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin keken, ya taɓa bel ɗin da yatsa, idonsa ya fara wannan ƙyallin.

"Uwargida, keken nan naki yana asarar ƙarfi. Wanda ya haɗa shi bai san aiki ba. Bari in ɗauko sukundireba, yanzun nan zan..."

"Je ka ɗauko," na ce.

Yana fita na tashi na rufe ƙofa, na murza makulli ta ciki, na zare shi na ɗaure a bakin zanina.